Ranar da Ungulu Ta Sauka da Mu a Gonar Dawa

Ko da zan manta da duk abin da na gani a shekarun da na yi ina aikin malamin gona, akwai wata yamma guda da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ita ce yammar da na fara shiga jirgin sama a rayuwata, kuma jirgin bai mayar da ni inda ya ɗauke ni ba.

A wannan shekarar damina ta yi kyau sosai. Daga Funtua har Malumfashi dawa ta fitar da kai, shinkafar fadama ta fara nuna, kowa ya fara gyaran rumbu. Sai tsuntsayen jan-baki suka sauka mana. Wanda bai san su ba zai raina su, don guda ɗaya ko tafin hannu ba ya cikawa. Amma idan suka taso gaba ɗaya sai ka rantse hadari ne ya haɗo. Su sauka a gona da hantsi, kafin la'asar zangarniya ta koma tsintsiya. Magidanta suka bar kasuwa suka tare a gonaki da gwangwanaye da majajjawa, ana ihu har muryoyi suka dushe, tsuntsayen nan ko a jikinsu. Da koke ya yi yawa sai aka turo mana jiragen feshi guda biyu, ɗaya ƙaramin jirgi mai fiffike, ɗaya kuma mai saukar ungulu. Aka share wani fili a bayan garin Funtua, aka daddaɓe shi saboda mai fiffiken. Ni kuma aka ce in zauna da matuƙan, tunda na san fadamun yankin.

Matuƙin mai fiffiken wani dattijo ne Banufe, gajere, mai furfura a gemu, kullum da carbi a hannu. Alhaji muke ce masa. Na mai saukar ungulun kuwa dogo ne siriri, tsohon soja, Kirista ɗan wani ƙauye kusa da Malumfashi, Bakatsine na gidi. Shi kuma Kyaftin kowa ke ce masa. Ka ga an haɗa Banufe da Bakatsine, ga wasan da ke tsakaninsu tun kaka da kakanni, sannan ga na sana'a a kai. Ni a lokacin na farkon kawai na sani. Ban san cewa matuƙa ma suna da nasu ba.

Da rana ba a feshi, sai rana ta yi sanyi tsuntsaye sun taru a makwancinsu. Saboda haka yawancin yini a gindin wani mangwaro muke yin sa, kusa da teburin mai shayi. A nan na fara jin abin da ya ɗaure mini kai. Ranar farko Alhaji ya kurɓi shayi, ya dubi jirgin Kyaftin, ya ce da ni, "Malam, kai da ka yi karatu, gaya mini gaskiya. Wancan abin jirgi ne, ko injin markaɗe ne aka yi wa wutsiya?"

Kyaftin ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Rabu da bawana, Malam. Tambaye shi me ya sa aka kwana ana share masa fili. Nasa jirgin kamar amarya yake, sai an share, an yi shimfiɗa, an lallashe shi. Sannan ya yi ta gudu a ƙasa kamar kazar da aka koro, kafin ya tuna an ce shi tsuntsu ne."

"Aƙalla nawa yana da fiffike irin na halittar Allah," in ji Alhaji. "Ka taɓa ganin tsuntsun da ya ɗora fanka a ka? Kuma duk tsuntsayen duniya, da shaho da shirwa da gauraka, Bahaushe ya duba ya rasa wanda zai kwatanta ku da shi sai ungulu. Bahaushe ba ya ƙarya."

"Ungulu tana sauka inda ta ga dama. Kai fa? Ka taɓa tsayawa cak a sama ka gaisa da mutane? Ka taɓa ja da baya? Ko jaki ana ja da shi baya, Alhaji."

Haka suke yi kullum, kuma ba su cika maimaita jiya ba. Alhaji ya ce duk matuƙin ungulu da ka gani da furfura, to rini ya yi, don ba sa kaiwa tsufa. Ya ce in lura da Kyaftin, ko tuwo yake ci kunnensa a karkace yake, yana sauraron ko wani abu ya kwance. Kyaftin ya ce matuƙin mai fiffike direban tirela ne da ya samu hanyar da babu rami, ya saki sitiyari yana gyangyaɗi, shi ya sa suke yin tumbi. Ya ce shi kuwa hannu biyu da ƙafa biyu duk aiki suke, ko sauro ne ya cije shi sai ya sauka zai sosa.

Abin da ya dame ni shi ne yadda suke sa mutuwa a cikin maganar. Mu a wurinmu ba a yi wa mutum fatan tsiya ko da wasa, balle wanda zai tashi sama. Rannan da na ji Alhaji ya ce wa Kyaftin ya bar masa agogonsa kafin ya tashi, kada ya lalace a banza, sai na ga abin ya wuce gona da iri. Na gyara zama na fara yi musu nasiha, na ce manya ne su, ya kamata a riƙa tauna magana. Suka bar ni har na gama. Sai Alhaji ya juya ya ce, "Kyaftin, ka ji malamin gona zai raba mu." Kyaftin ya ce, "Shi da ko tsani bai gama hawa ba." Suka haɗu suka yi ta yi mini dariya. Na ji haushi ranar, har na gaya wa mai ɗakina cewa mutanen nan biyu ba sa ƙaunar juna, kunyar ido ce kawai ta hana su dambe. Yanzu idan na tuna sai in yi wa kaina dariya.

An yi ta feshi a wurare da dama amma ɓarna ba ta ragu ba, don ba a gano babban makwancin tsuntsayen ba. Manoma suna cewa kullum da yamma suna ganin su suna nufar yamma, wajen Dandume. Sai aka shirya cewa jiragen biyu za su tashi bayan la'asar su bi su. Alhaji zai yi sama sosai yana hango inda garken ya dosa, Kyaftin kuma zai bi ƙasa-ƙasa ya duba fadamu. Kyaftin ya ce yana bukatar wanda zai riƙa gaya masa sunan kowane rafi da ƙauye. Duk aka juyo aka dube ni.

Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Na yi alwala na yi addu'a. Da zan shiga Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ka yafe mini duk abin da na yi maka. Kuma in ka ga ya fara zufa, kai ma ka fara." Kyaftin ya ɗaura mini bel, ya sa mini abin kunne mai ɗan bututun magana, ya ce, "Kada ka taɓa komai. Idan amai ya zo, ga hularka nan."

Da muka tashi sai tsoron ya gudu ya bar ni da mamaki. Babu gudu, babu komai, kawai ƙasa ce ta sake mu. Na ga rufin kwanon Funtua yana walƙiya, na ga motocin hatsi a kan titi kamar ƙwaro. Gonakin da na shekara ina zagayawa a kan babur har bayana ya yi ciwo, ga su nan a shimfiɗe kamar an jera tabarmi, na dawa ja-ja, na auduga fari-fari, na waken suya sun fara rawaya. Ina nuna masa ina faɗin sunaye. A kunnena kuma ina jin muryar Alhaji ta rediyo yana cewa, "Ina hango wani abu yana rarrafe a ƙasa, ko kai ne?" Kyaftin ya ce, "Ni ne. Ka kula kada barci ya kwashe ka ka wuce Zamfara."

Mun same su kuwa. Wata doguwar fadama ce mai rake da ƙaya a gefen wani rafi. Tsuntsaye suna kwarara cikinta ta kowace kusurwa kamar ana zuba gero a buhu. Kyaftin ya zagaya ta, ya gaya wa Alhaji daidai inda take, sannan muka juyo gida.

Ba mu yi nisa ba na ji ƙarar injin ta canza. Ya yi kamar mutum ya ƙware, ya sake yi, sai wata ƙara mai tsini ta cika mini kunne, wata fitila ta kama a gabanmu. Daga nan sai shiru, irin shirun da ban taɓa ji ba. Ba abin da ake ji sai fif-fif ɗin farfela a samanmu da iska. Sai na ji mun fara yin ƙasa.

Na dubi Kyaftin. Fuskarsa tana nan yadda take, sai dai hannuwansa da ƙafafunsa suna ta aiki, idonsa yana kan ƙasa. Ya yi wa Alhaji magana da Turanci a gajarce, sannan ya ce da ni cikin Hausa, kamar mai ba da labarin kasuwa, "Malam, inji ya tafi hutu. Farfela tana nan tana juyawa, iska ce ke juya ta, ita za ta sauke mu. Ka ga gonar can mai faɗi? Can za mu. Ka manne bayanka da kujera."

Ni dai ban san lokacin da na fara kalmar shahada ba. Ina yi ina maimaitawa, ashe duk yana ji ta abin kunne. Sai na ji ya ce, "Ci gaba, Malam. Ka sa da ni a ciki."

Dawa ta yi ta matsowa har na fara rarrabe zangarniya. Can dab da ƙasa ya ɗaga hancin jirgin, na ji kamar an ja mu baya da igiya, sannan ya daidaita shi. Muka bugi ƙasa, muka ja kaɗan a cikin laka, karan dawa yana ta karyewa a jikin gilashi, sai muka tsaya. Farfela ta yi ta juyawa a hankali har ta gaji. Kyaftin ya kashe abubuwan da zai kashe, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "To, ka ga saukar ungulu. Ba kowane fasinja nake nuna wa ba." Sai a lokacin na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Rediyo bai mutu ba. Muryar da na ji a ciki ban gane ta ba da farko. Alhaji ne yake kiran Kyaftin da sunansa na yanka, wanda ban taɓa jin ya faɗa ba, yana kira yana sakewa. Kyaftin ya ce, "Muna nan, Alhaji. Ni da Malam ko ƙwarzane babu." Sannan Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi," ya sake faɗa, ya sake faɗa. Daga baya ya ce, "Ina ganin ku. Akwai mutane suna nufo ku daga ƙauyen da ke arewa, kuma da yawa. Ba zan tafi ba."

Nan ne wani sabon tsoro ya kama ni, wanda ya fi na farko. Duk wanda ya zauna a yankinmu a shekarun nan ya san halin da ake ciki da 'yan bindiga, kuma ya san jita-jitar da ke yawo cewa da jirgi mai saukar ungulu ake kai musu makamai cikin daji. Ga mu mun faɗo a bakin daji, rana tana shirin faɗuwa, a ƙauyen da ba a san da zuwanmu ba. Kuma wannan ɓangaren ba ni ke kula da shi ba, ba wanda ya san fuskata.

Kyaftin ya fahimci abin kafin in faɗa. Ya ce mu fito, mu matsa nesa da jirgin, mu zauna a ƙasa a fili, hannuwa a kan gwiwa. Haka suka same mu. 'Yan sa-kai ne a gaba da bindigogin toka da adduna, sauran jama'a a baya da sanduna. Suka kewaye mu. Babu wanda ya amsa sallamata. Wani ƙaƙƙarfa mai jan rawani, wanda da alama shi ne babbansu, ya ce, "Me kuka kawo, kuma wa kuka kawo wa?"

Na fara bayani. Na ce ni malamin gona ne, jan-baki muka biyo. Wani daga baya ya ce, "Haka za su ce." Kyaftin ya ce a natse, "Ranka ya daɗe, ƙofa a buɗe take. A sa mutum biyu su duba. Abin da ke ciki tankin maganin tsuntsu ne, shi kaɗai nake roƙo kada a taɓa da hannu, guba ne." Aka je aka duba, aka dawo aka ce ba a ga komai ba sai tankin. Amma fuskoki ba su saki ba.

Duk wannan abin da ake yi, jirgin Alhaji yana kanmu. Ya sauko ƙasa sosai, yana zagayawa, yana karkata fiffike har muna hango farar hularsa. Mai jan rawanin ya nuna sama da bakin bindiga ya ce, "Wancan fa? Me yake jira?"

Kyaftin ya ɗaga kai ya dube shi, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Wannan bawana ne, Banufe. So yake ya sauko ya taimake ni, amma abin hawansa ba ya taka ƙasa sai an share masa an yi shimfiɗa. Shi ya sa yake ta zagaye kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai."

Ni na ɗauka ya gama kashe mu. Sai wani tsoho da ke dogare da sanda, wanda ashe shi ne mai gonar, ya tuntsire da dariya har da tari. Ya ce, "Banufe ne? Ai kuwa sai haka." Ya matso ya ƙare wa Kyaftin kallo, ya tambaye shi shi ɗan ina ne. Kyaftin ya faɗi ƙauyensu da unguwarsu. Tsohon ya ce ya sha cin kasuwa a can yana saurayi. Ya juya ya ce wa mai rawanin, "Ku sauke ƙarafan nan. Ɓarawo ba ya zama a ƙasa yana tsokanar Banufe." Sannan ya tambaye mu ko da gaske mun ga inda tsuntsayen suke kwana. Da muka kwatanta fadamar sai wurin ya kaure da magana, kowa yana faɗin abin da suka ci masa. Kafin wani lokaci an kawo mana ruwa a kwano da dafaffiyar gyaɗa.

Kyaftin ya nemi izini ya koma ga rediyo, ya ce wa Alhaji komai ya lafa, ya tafi. Alhaji ya ce sai ya ƙara zagaye ɗaya. Kyaftin ya ɗaga murya, karo na farko da na ji ya yi haka, ya ce, "Na san abin da ya rage maka a tanki. Ka tafi." Sai da ya faɗa sau biyu sannan jirgin ya juya gabas. Daga baya masu kula da jiragen suka gaya mini cewa da ya sauka, abin da ya rage na mai bai kai a yi magana ba.

Dab da kiran isha'i muka ji ƙarar babura. Alhaji ne a bayan wani ɗan acaba, tare da wakilin hakimi da jami'an tsaro, farar rigarsa ta koma ja da laka, takalmi ƙafa ɗaya. Ko tsayawa babur bai gama yi ba ya diro. Ya ratsa mutane ya rungume Kyaftin, kansa iyakar ƙirjinsa, ya daɗe a haka. Kafaɗunsa suna motsi. Mutanen ƙauye suka kawar da kai. Da ya sake shi sai ya share fuska da hannun riga, ya juya ya dubi jirgin da ke zaune a tsakiyar dawa, ya ce, "Ashe dai an yi wa mutane ɓarna fiye da jan-baki." Kyaftin ya ce, "Ina ɗaya takalmin, ko shi ma sai an share masa fili?"

Washegari da yamma Alhaji ya tashi shi kaɗai ya yi feshin fadamar nan. Kyaftin yana tsaye a kan wani tudu da rediyo a hannu yana yi masa jagora, yana cewa ya ƙara sauka, ƙasa ba ta cizo. Aka sake yi kashegari. Bayan nan ɓarna ta ragu ƙwarai, mutanen wannan yanki suka samu abin da suka kai rumbu. Jirgin Kyaftin kuwa sai da aka zo da babbar mota aka kwance farfelar aka ɗauke shi, kuma kamfanin jirgin ya sallami tsohon mai gonar kan dawar da ta karye. Ranar da za su tafi tsohon ya aiko wa Kyaftin da zabbi biyu, ya ce a ba Banufen ƙafafu.

Ban sake haɗuwa da su ba, sai gaisuwa ta waya jefi-jefi. Amma tun daga ranar na daina saurin yanke hukunci a kan abin da ke tsakanin mutum biyu don kawai na ji abin da bakinsu ke faɗa. Na gane cewa masu aikin da ake fita ba a da tabbacin dawowa ba za su iya zama kullum suna juyayi ba, sai su mayar da tsoron abin dariya don su iya ɗaukarsa. Na kuma gane cewa mai yi maka daɗin baki daban, mai tsaya maka daban. A rayuwa na ga masu yabona da yawa da suka ɓace ranar da abu ya lalace. Idan Allah Ya ba ka wanda zai tsokane ka da rana tsaka, kuma ya ƙi barin ka ranar da ka faɗi, ka riƙe shi da kyau, ba a samun irinsa a kasuwa.